Surukata a Ɗaki Mai Taya

Ba zan taɓa mantawa da tafiyar da na yi da surukata daga Lafia zuwa Jos ba, ko da na so in manta, domin direbobin tashar Lafia ba su ba ni dama ba. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, amma kafin su tafi sai da suka bar wa 'ya'yansu labarin kamar gadon gona.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, ana dai ta maganar mulkin kai a bakin kasuwa. Ni kuwa ina matashin direba, sabon lasin, sabon aure, ga wandon kaki mai kari kamar bakin wuƙa. Wani Baturen gona nake tuƙawa, muna kiransa Mai Lofe, saboda lofen tabarsa ba ya barin bakinsa ko da wanka zai shiga. (Sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu. Duk wanda ya gwada faɗa sai ka ga kamar ƙayar kifi ce ta maƙale masa.) Aikinsa zagaya ƙauyuka, yau Adogi, gobe Ashige, jibi Kwandere, yana koya wa mutanen da suka gaji noman doya tun kaka da kakanni yadda ake noman doya.

Mai Lofe ba ya iya kwana a barikin ƙauye saboda kuɗin cizo. Don haka ya sa aka kawo masa wani abu a jirgin ƙasa wanda ba a taɓa ganin irinsa a Lafia ba: ɗaki sukutum, fari fat, a kan taya biyu. Da ƙofarsa, da tagogi masu labule, da gado, da kujera, da ɗan teburi. A gindin jif ɗinmu akwai wani dunƙulen ƙarfe kamar lemo, a hancin ɗakin kuma akwai ƙoƙon ƙarfe da ake kifawa a kan dunƙulen a danne, sannan a ƙara da sarƙa, sai a ja. Shi yana ce masa tirela, mutanen gari suna cewa ɗaki mai taya. Ranar da na fara ratsa kasuwa da shi, masu manja sun bar garewaninsu sun biyo ni har bakin rafi. Ni kuwa na ɗora gwiwar hannu a taga, ina murza sitiyari da hannu ɗaya, kai ka ce ni na haifi ɗakin.

Wajen ƙarshen damina aka kira Mai Lofe taro a Jos, daga nan zai yi rangadi a saman dutse. Bayansa na ciwo, sai ya ce shi zai bi jirgi, ni in kai masa jif da ɗakin ta hanyar mota. Ya tsayar da ni a gaban ofis, ya yi mini bayani da irin Hausarsa ta littafi, wadda ke fita ɗaiɗai kamar ana ƙirga ƙwai.

“Direba, ka kasa kunne. Tsakanin nan da Jos akwai babban hawa, Hawan Kibo. Abu mai nauyi ka sa shi gaba, kusa da hancin tirela, ba baya ba. Sarƙa, kada ka cire ta. Kafin ka fara hawa ka sa giya ta ɗaya, kada ka canza a tsakiya. Idonka kullum a madubi. Kuma babu mutum a ciki. Ka fahimta?”

Na ce, “Yassa.”

(Duk jimlar da ya yi sai na bi ta da “yassa”, amma hankalina yana can yana tsara yadda zan shiga Jos, da irin karkata hular da zan yi.)

Na koma gida na tarar da baƙuwa. Surukata ce, Inna, ta zo daga Kwandere za ta shiga jirgi zuwa Bukuru, inda ɗanta ke aikin kuza, matarsa ta haihu ana jiran suna. Sai na tsaya in yi wa yaran yanzu bayani, don su surukansu har hira suke yi da su. Matata Kande ita ce 'yar farin Inna, saboda haka kunyar da ke tsakanina da Inna ninki biyu ce. Tun da aka ɗaura aure ban taɓa kallon fuskarta ba. Ƙafafunta na sani. Da za a jera ƙafafun matan Kwandere kaf zan nuna nata ba gargada, amma fuska sai dai in yi canke. Ita ma ba ta taɓa kama sunana ba. In ta matsu sai ta ce “mai mota”, in ranta ya ɓaci kuma sai ta ce “wasu”, kuma ba ni take gaya wa ba, duk abin da ke kusa take gaya wa, ko Kande, ko turmi, ko katanga.

Na kira Kande gefe na ce, “Yanzu Inna ce za ta shiga jirgi, cikin wannan cunkoso, a taka mata ƙafa, alhali ni ina da ɗaki?”

Ta ce, “Ɗakin naka ne, Malam?”

“A hannuna yake.”

“Baturen ya yarda?”

Na ce, “Bature jirgi zai bi. Wanda ke cikin jirgi ba ya ganin abin da ke kan hanyar mota.”

Ta dube ni irin kallon da take yi wa miya in ta ga alamar za ta kama. Gaskiyar magana, so nake a je Kwandere a ce mijin Kande ya kai Inna Jos a kan gadon Bature. Akwai wani mai awon gyaɗa da ya nemi Kande kafin ni, har lokacin dangi ba su daina ambatonsa ba.

Da safe na kawo jif ƙofar gida, a zatona ɗan ƙullin zannuwa za a saka. Na tarar da tulin sabuwar doya ya kai ƙirjina, da garwar manja, da buhun agushi, da tukunyar wankan jego wadda yaro zai iya ɓuya a ciki, da damin itace (an gaya wa Inna wai a Jos babu itace sai duwatsu), sannan ga ragon suna, ƙato, mai ƙaho a murɗe, yana kallona kamar ya san ƙarshen labarin.

Inna ta leƙa ɗakin, ta shafa gadon, ta ce da Kande, “Gaya wa mai mota a jera doyan can baya. Nan gaba zan shimfiɗa tabarmata.”

Nan maganar Mai Lofe ta faɗo mini. Na raɗa wa Kande cewa kaya mai nauyi gaba ake sa shi.

Ta ce, “Ga ta nan, gaya mata da bakinka.”

Na durƙusa, na gyara murya, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, “To, Inna.”

Haka aka lafta doya da manja da itace a gindin ɗakin, har hancinsa ya ɗaga sama kamar jakin da ya ji warin ruwa. Sai da na hau kansa na zauna kafin ƙoƙon ya yarda ya kifu a kan dunƙulen. Aka ɗaure rago da igiya a ƙafar teburi, Inna ta shiga ta ja labule, unguwa ta fito tana ɗaga hannu, muka kama hanya.

Tun kafin mu fita daga ƙasar Lafia na lura ɗakin yana kaɗa gindi kamar agwagwa. In na ƙara wuta ya kaɗa hagu ya kaɗa dama, ya ja jif ɗin tare da shi. Ƙoƙon kuma sai ƙara yake yi, ƙwas, ƙwas, duk ramin da muka faɗa. Na ce a raina ai sabo ne, bai saba da doguwar tafiya ba.

A Akwanga na tsaya zuba ruwa a lagireto, sai na ji ana rugugi a cikin ɗakin. Na matsa jikin ƙofa, kaina a ƙasa, na yi gyaran murya. Na ji muryar Inna tana magana da rago.

“Ka cinye igiyar, ka cinye labulen Bature, yanzu tabarmata kake nema. Da akwai mai hankali a kusa, da ya samo maka sarƙa.”

Na duba gabas na duba yamma. Sarƙa ɗaya ce a duk Akwanga da idona ya gani, wadda ta haɗa ɗakin da jif. Na tsaya na yi nazari irin na masana. Na ce ƙoƙo ƙarfe ne, dunƙule ƙarfe ne, ƙarfe ya riƙe ƙarfe, to sarƙar ta mene ce? Turawa dai akwai son ado, mutanen da ke ɗaura wa wuyansu ƙyalle ba don sanyi ba. Na kwance ta, na miƙa ta ƙofa ina kallon taya. Aka karɓa.

Da na koma mazaunina sai na ɗaga ido ga madubi. Labulen da ragon ya cinye na tagar gaba ne, wadda ke daidai bayana. Ga fuska nan cike da madubi, da ɗankwali, da zanen tsaga a kumatu, idanunta cikin nawa. Ashe haka Inna take. Ban san wa ya fi firgita ba tsakanina da ita. Ta yi wuf ta sunkuya, ni kuma na fizge hulata na kifa wa madubin, na ƙara da hankici na ɗaure tam. Na yi ta istigfari har muka bar gari, kamar wanda ya leƙa banɗaki.

To ka ƙirga da kanka. Bature ya ba ni umarni, ban kai rabin hanya ba saura guda ɗaya tak ban karya ba, na giya. Shi ma lokacinsa ne bai zo ba.

Rana ta take muka iso gindin Hawan Kibo. Wanda bai san wurin ba a wancan zamani, hanya ce ta jar ƙasa da tsakuwa, ta nannaɗe jikin dutse kamar rawani, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami mai zurfin da in ka jefa dutse sai ka gaji da jiran ƙararsa. A gindin hawan manyan motoci sun yi layi suna huce inji, fasinjoji sun bazu a inuwa. Kowane direba mai hankali a nan yake tsayawa, ya sha ruwa, ya yi addu'a, ya sa giya ta ɗaya. Ni kuwa da na ga jama'a sun miƙe suna nuna ɗakina, sai wani abu ya hau kaina. Na danna totur, na wuce su a giya ta uku, ina busa ham, har da ɗaga hannu.

Kwana ta farko lafiya. Ta biyu jif ya fara tari. Kafin ta uku ya koma nishi kamar tsohon da ke tashi daga tabarma, sitiyari na rawa a hannuna, ina jin doyar Kwandere gaba ɗaya tana jan mu baya. Na taka kuloci zan canza giya, giya ta ƙi shiga, sai gurnani. Muka tsaya cak, muka fara sulalewa baya. Na haɗa ƙarfina na cusa ta ɗaya, na saki kuloci gaba ɗaya. Jif ya yi tsalle kamar an tsikari doki, na ji wata ƙara a baya, ƙwaram, haƙorana suka haɗu.

Sai kuma komai ya yi daɗi.

Motar da ke nishi ta koma kamar tsuntsu. Na sa ta biyu, ta karɓa. Na sa ta uku, ta karɓa tana neman ƙari. Kaɗa gindin nan ya tafi, ƙarar ƙoƙo ta ɗauke. Na ce a raina, ashe sirrin ke nan, sai ka girgiza inji ya san da wa yake. Na ji tausayin Mai Lofe, ya tsallako teku da iliminsa amma bai san wannan ba. Har na fara tsara yadda zan koya masa cikin ladabi. Na haye sauran hawan ina 'yar waƙa, a hankali dai, don kada Inna ta ji ta ce mijin Kande ba shi da kamun kai.

A saman hawan akwai fili inda mata ke sayar da dafaffen ƙwai da dankalin Turawa, direbobi na zuba ruwa a mota. Wurin cike yake. Na hango Tanko, wani direban babbar mota ɗan Lafia, mutumin da in ya ga ka yi tuntuɓe da safe, kafin azahar an sani a Makurɗi. Na ji daɗin ganinsa. Na ce yau zai ga aiki.

Na tsaya a tsakiyar fili. Ladabi ya ce in je in gaida Inna da hanya. Kuma tun da yanzu babu labule, tun kafin in buɗe ƙofar jif na sunkuyar da kai, na kafa idona a kan yatsun ƙafata. Na tuɓe takalma na ajiye. Na bi gefen jif ina tafiya a duƙe, na wuce shi, na ƙara 'yan taku zuwa daidai inda ƙafata ta saba samun ƙofar ɗakin. Na durƙusa, na dafa ƙasa da hannu biyu.

“Inna, sannu da hanya.”

Shiru. Ban damu ba, ai dama ba ta cika amsawa ba.

“Inna, an sha jijjiga. Mun hau lafiya, da albarkarku. Ya gajiya? Ya ƙarfin jiki?”

Shiru. Ta gefen ido na fara ganin ƙafafu suna taruwa kewaye da ni, masu takalmi da marasa takalmi. Na ce a raina jama'a sun zo kallon ɗaki, kuma ga shi suna ganin yadda ake tarbiyya a Lafia. Na ƙara ƙasƙantar da murya.

“Ko a kawo ƙwai, Inna? Akwai dankali mai zafi. Ko ruwan alwala?”

Wata kaza ta zo ta ratsa ta gabana, tana tsattsaga ƙasa, ta wuce ta daidai inda ya kamata taya ta kasance. Na ga abin, amma ƙwaƙwalwata ta ƙi karɓa.

Sai na ji muryar Tanko a kaina, a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya magana.

“Ɗan'uwa, da wa kake gaisawa?”

Na ce, “Da surukata. Rage murya.”

“Tana ina?”

“Tana cikin ɗaki.”

Ya ce, “Wane ɗakin?”

Na ɗaga kai.

Babu komai. Fili ne fetal, da hanya, da sararin Allah, da kazar nan. Ga dunƙulen ƙarfe a gindin jif yana ƙyalli shi kaɗai kamar kan mai sanƙo. Ni kuma ga ni durƙushe ba takalmi ba hula, a tsakiyar mutane fiye da na sallar Juma'ar ƙauye, na gama yi wa iska tayin ƙwai.

Abin da na yi bayan nan ya fi na farko muni. Na kwanta na leƙa ƙarƙashin jif. (Har yau ban san abin da nake zaton gani ba.) Na tashi na tambayi wata mai ƙwai ko ta ga wani ɗaki ya wuce. Ta ja tirenta baya, ta ce da maƙwabciyarta a irin Hausarsu, “Wannan mutum, kai nasa ya taɓa.”

Ban tsaya jin dariyar ba, ta dai biyo ni. Na juya jif na gangara. Nan wasa ya ƙare, domin kowace kwana na zo sai na leƙa ramin nan ina neman farin abu a ƙasa. Na yi ta danna birki har ya fara wari. Ina ta jera maganar da zan gaya wa Kande, kowace na ɗauko sai ta watse. Matar nan jirginta za ta shiga lafiya lau, ni na hana ta, don a yabe ni a Kwandere. Na yi alkawura ga Allah a gangaren nan waɗanda har yau ban gama cikawa ba.

Can ƙasa, kusa da kwana ta uku, na hango hayaƙi. Na ce shi ke nan, har da gobara.

Da na matso sai na ga ɗakin a tsaye ƙyam a kan tayoyinsa, a tsakiyar wata gonar gwaza, ɗan nesa da hanya ta ɓangaren da babu rami. Ashe da ya kuɓuce ya gangara da baya a hankali, ya saki hanya a kwanar, ya shiga gonar da ruwa ya jiƙa, ya tsallake kunya ɗaya, biyu, ta gaba ta riƙe shi. Kunya ce ta jefar da Inna, kunyar gwaza kuma ta tare ta.

Hayaƙin kuwa na gashin doya ne. Inna ta sa an fito mata da kujerar Bature, ta hakimce a ƙofar ɗaki, an hura wuta da itacen Lafia. Fasinjojin da ke gindin hawa sun hauro kallo, sun zauna sun kewaye ta, kowa da yankin doya da manja a hannu. Mai gonar, wani dattijo da ya zo da fartanya zai yi faɗa, yana zaune a dama da ita yana lasar yatsa. Ragon na ɗaure a jikin taya da sarƙar Bature.

Na zo na zube. Wannan karon sai da na tabbatar da ƙafafun, nata ne.

Inna ta juya wajen rago.

“Ka ga wasu sun dawo,” in ji ta. “Ni da na ji muna tafiya da baya, na ce ko haka ake hawa dutse a Turance. Da muka tsaya na buɗe ƙofa, na ce ashe Jos ɗin gonar gwaza ce. Ka tambayi wasu, in an gaji da mutum ba sai a sauke shi a gari ba?”

Na matsa gaban ragon, tun da ta nan maganar ke bi, na ce, “A gaya wa Inna na tuba. Ƙarfe ne ya zame.”

Ina durƙushe gaban rago ina ba shi haƙuri, sai na ji tsayuwar ƙaramar mota a bakin hanya. Na waiga. Mai Lofe ne ke fitowa, tare da wani Baturen likita. Ashe ruwa ya wanke hanyar jirgi, jirgin bai tashi ba, likitan ya rage masa hanya.

Ya tsaya a bakin gona. Ya dubi ɗakinsa, ya dubi kujerarsa, ya dubi taron masu cin doya, ya dube ni. Ya sa hannu ya zare lofen daga bakinsa, na ga ashe yana da leɓen ƙasa kamar kowa.

“Direba. Ina sarƙa?”

Ragon ya girgiza wuya, sarƙa ta yi ƙara.

“Ina labule?”

Ragon ya ci gaba da tuƙa. Likitan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Na riga na ga kaina na koma Lafia a ƙafa, ba aiki, ba kaki. Sai Inna ta yi magana. Ita ba ta da surukuta da Bature, don haka ta dube shi ido cikin ido.

“Kai ne mai ɗakin? Zo zauna, ɗana. A ba shi doya.” Ta jira har aka danƙa masa yanki mai zafi, ya rasa yadda zai yi ya karɓa. “Ɗakinka yana da kyau, sai dai gadon ya cika laushi, zai kashe maka baya. Kuma ba ya son dutse. Yaron nan tun daga Lafia yake lallaɓa shi, da ɗakin ya ga hawa sai ya juya zai koma gida. Ɗaki ai ba a san shi da yawo ba. Kada ka ga laifin yaron nan, ni na ce sai ya ɗauko ni.”

Ba ita ta ce ba, ni da ita da ragon duk mun sani. Kuma ranar ce ta fara ce mini “yaron nan”. Da ba a gaban mutane ba ne da na yi hawaye.

Mai Lofe ya daɗe yana kallon doyar hannunsa. Ya gutsura, ya tauna, ya tambayi Inna wace iri ce, a wace ƙasa aka shuka ta. Suka shiga zancen doya kamar tsofaffin abokai, ni ina durƙushe har ƙafata ta mutu. Daga ƙarshe ya juyo.

“Direba, ban kore ka ba. Amma doka tana nan, babu mutum a cikin tirela. Iya za ta zauna gaba, kusa da kai, har Bukuru.”

Da ya kore ni da ya fi mini sauƙi. Na ji Inna ta ce da rago, “Ka ji kuma wata sabuwa.”

Fasinjoji suka taru suka turo ɗakin kan hanya, aka kwashe doyar da ta rage aka mayar gaba, Mai Lofe ya ɗaura sarƙar da hannunsa, ya cire hulata daga madubi ya miƙo mini da yatsa biyu. Mai gona ya ba da igiya aka ɗaure ragon, aka cusa shi tsakanina da Inna don ya zama katanga. Muka fara hawa a giya ta ɗaya, tafiyar da mai jaki zai iya wuce mu, motar Turawa na biye. Inna na kallon tagarta, ni ina kallon hanya, rago na huro mini numfashi a kunne.

Da muka kai saman hawan, Tanko bai tafi ba. Ya tara direbobi da masu ƙwai sun jeru a bakin hanya, duk sun durƙusa sun ba mu baya, suna fuskantar fili. Muna zuwa daidai su suka haɗa baki, cikin ladabi: “Inna, sannu da hanya. Ko a kawo ƙwai?”

Inna ta ce da rago, “Su kuma waɗannan wa suke gaidawa?”

Na ce da rago, “A gaya wa Inna al'adar mutanen dutse ce.”

Ta ce, “Allah sarki. Suna da tarbiyya.”

Kafin in dawo Lafia labari ya riga ni. Na shiga tasha aka tarbe ni da sabon suna, Mai Gaida Iska, kuma da shi aka san ni har na ajiye tuƙi. Kande ta yi mako guda in ta kawo mini tuwo sai ta ajiye a gefe, ta durƙusa ta gaida bango.

Na yi shekaru ina jan kaya a hawan nan bayan wannan, ban ƙara yar da ko tsinke ba. Abin da na koya kuwa bai tsaya ga mota ba. Duk ranar da kake fama da wani nauyi, kana nishi, sai farat ɗaya ka ji ya yi sauƙi, kada ka yi saurin yaba wa kanka. Taka birki, ka sauka, ka je baya ka duba da idonka a buɗe. Mai yiwuwa ba ƙwarewa ce ta zo maka ba, surukarka ce ta tafi gonar gwaza.